Yadda Lardunan Tudu Na Ƙasar Sin Suka Jawo Masu Jari Sa'ad Da Kasuwa Ta Faɗi

Ko wane falke ya san abu guda. Kayan da aka sauke a bakin teku, kafin su kai cikin ƙasa sun yi tsada. Amfanin gonar da aka noma a cikin ƙasa kuwa, kafin ya kai bakin teku kuɗin dako ya cinye riba. Don haka ne a ƙasashe da yawa garuruwan bakin teku su ke riga na tudu yin arziki. Attajiri in ya tashi kafa masana'anta, kusa da jirgin ruwa ya ke so, mutanen tudu kuwa sai dai su ɗaure ƙunshinsu su bi shi can neman ƙwadago.

To, in kasuwar duniya ta faɗi fa, masana'antun bakin teku suka sallami mutane, mutanen nan suka komo gida hannu Rabbana, me mahukuntan lardin tudu za su yi? Wannan ya auku a ƙasar Sin cikin 2008. Waɗansu larduna sun fita daga wahalar nan da masana'antu da hanyoyi, waɗansu sun fita da bashin da ya fi ƙarfin wuyansu. Abin da ya raba su shi ne darasinmu.

Ga waɗansu kalmomi da za ku yi ta gamuwa da su. Jari shi ne dukiyar da mutum ya ware don ya juya ta ta haifi riba. Mai jari a darasin nan kamfani ne babba, mai iya ɗaukan ma'aikata dubbai. Lardin tudu shi ne wanda ba ya taɓa teku. Miliyan 1 dubu ne sau dubu, abin da mutanen dā ke kira zambar dubu, biliyan 1 kuwa miliyan ne sau dubu. Kuɗin Sin sunansa yuwan, cikin 2008 yuwan 7 ne kusan dalar Amurka 1.

BAKIN TEKU DA TUDU

Sin ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, tekunta kuwa duk a gabas ya ke da kudu maso gabas. Tsakiya da yamma sai gonaki da duwatsu da hamada. Cikin 1978 shugabannin ƙasar, Deng Shawping na gaba, suka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwar ƙetare. Cikin 1980 aka keɓe wurare 4 a bakin teku inda baƙo zai kafa masana'anta da sauƙin haraji. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Shanjan, maƙwabcin Hongkong.

Sana'ar da ta ɗaukaka wuraren nan ita ce haɗa kaya. Jirgin ruwa ya kawo sassan abu daga Japan ko Koriya ko Taiwan, leburorin Sin su haɗa, jirgin ruwa ya sake kwashewa zuwa Amurka da Turai. Leburorin nan kuwa yawancinsu 'yan ci-rani ne daga lardunan tudu, kamar su Sicuwan da Henan da Gwaijo. Amma ci-raninsu ya fi namu tsawo. Namu ya kan tafi bayan kaka ya komo da faɗuwar ruwa, nasu sai ya shekara bai ga gida ba, sai bikin sabuwar shekararsu. 'Ya'yansa kuwa suna hannun kakanni, domin takardar zamansa ta ƙauye ce, makarantar birni ba ta cika karɓan ɗansa ba. Cikin 2008 an ƙiyasta irin waɗannan mutane sun kai miliyan 130.

Gwamnatin Bejin ta ga rata ta yi yawa, sai cikin 2000 ta kafa shirin raya yamma. Aka gina hanyoyin mota, aka ja bututun gas, aka kai dogo har Lasa ta Tibet cikin 2006. Aka kuma ce kamfanin da ya kafa irin sana'ar da a ke so a lardunan yamma, harajin ribarsa 15 cikin 100 ne kaɗai. Duk da haka manyan masu haɗa kaya ba su motsa ba. Don me?

Ku ɗauka ga tela a Sakkwato, ɗinkinsa ya fi na Ikko araha. Amma yadi daga Ikko zai zo, da zare da maɓalli, in an gama riga kuma Ikko za ta koma a sa ta a jirgi. Dako biyu ke nan a kan riga ɗaya. Ko da an yafe wa telan nan haraji duka, arahar ɗinkinsa ba ta biyan dakon. Lissafin da masu jari suka yi ke nan game da tudun Sin, lissafin kuwa daidai ne.

KASUWA TA FAƊI

Ran 15 ga Satumba 2008 wani babban banki na Amurka mai suna Lehman Brothers ya karye. Tsoro ya kama bankunan duniya, suka riƙe hannu, masu saye a Amurka da Turai suka rage saye. Cikin Nuwamba kayan da Sin ke fitarwa suka ragu, abin da aka yi shekara 7 ba a gani ba, cikin 2009 kuwa suka ragu da 16 cikin 100. A lardin Gwangdong, inda Shanjan ya ke, masana'antun takalma da kayan wasan yara suka yi ta rufewa. Akwai masu su da suka gudu da dare da albashin ma'aikata a hannunsu. Cikin Fabrairu 2009 wani babban ma'aikacin gwamnati ya faɗa a fili cewa 'yan ci-rani wajen miliyan 20 sun rasa aiki.

Ku tsaya ku duba yawan nan. Mutum miliyan 20, ƙarfafa, waɗanda da yawansu sun manta riƙon fartanya, sun komo ƙauyukan da kuɗin da su ke aikowa ne ke riƙe da su. Lardin Sicuwan kuwa ga wata masifa a kansa, gama ran 12 ga Mayu na shekarar nan ta 2008 girgizar ƙasa ta kashe masa mutum wajen 69,000, ban da waɗanda ba a ga gawarsu ba.

Ran 9 ga Nuwamba 2008 gwamnati ta yi shelar za a kashe yuwan biliyan 4,000 cikin shekara 2 don a tsare ayyukan mutane. Daga baya aka tsara biliyan 1,500 su tafi ga dogo da hanyoyi da filayen jirgin sama da wutar lantarki, biliyan 1,000 ga sake gina inda ƙasa ta girgiza. Amma ku riƙe wannan, za mu komo kansa: abin da ya fito daga baitulmalin Bejin bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, biliyan 1,180 ne. Sauran an ce larduna da kamfanoni su nemo, bankuna kuwa aka umurce su su saki hannu. Rancen da suka bayar cikin 2009 ya kusa ninka na 2008.

Hausawa sun ce faɗuwar wani tashin wani. Mai jari in ciniki na tafiya ba ya son tashi daga inda ya saba, in riba ta tsuke kuwa ko wane kwabo sai ya duba shi. Ga albashi da kuɗin fili sun hau a bakin teku. Ga shi kuma tun farkon 2008 an daidaita harajin kamfanoni ya zama 25 cikin 100, an fara janye rangwamen da baƙi ke samu a bakin teku, na yamma kuwa an bar shi a 15. Ga ƙwararrun ma'aikata zaune a tudu ba aiki. Kamfanin Intel ma cikin Fabrairu 2009 ya ce zai rufe ma'aikatarsa ta Shanghai ya mai da aikin Cangdu, babban birnin Sicuwan. Saura abu guda, watau dakon nan biyu.

LABARIN CONGCING

Congcing birni ne a kan duwatsu a gaɓar kogin Yangzi. Daga can zuwa Shanghai, inda kogin ya kusa shiga teku, mil 900 ne a miƙe, ta ruwa kuwa wajen mil 1,500, watau ninki biyu na dogon Kano zuwa Ikko. Dā yana cikin Sicuwan, cikin 1997 aka cire shi da ƙauyukansa aka ba shi matsayin lardi, da mutane wajen miliyan 30.

Da ruwan ciki a kan ja na rijiya, Congcing kuwa yana da ruwan ciki. A lokacin yaƙin Sin da Japan, wanda ya ƙare cikin 1945, nan gwamnati ta ƙaura, aka kwaso masana'antun makamai aka kafa. Tun daga sannan garin bai rabu da maƙera da masu aikin inji ba. Babur ɗin nan Lifan da ku ka sani, kamfaninsa na Congcing ne. Amma kwamfuta kam, ko ɗaya ba a yi wa kasuwar duniya a can kafin 2008.

Mataimakin magajin garin a lokacin sunansa Hwang Cifan, mutum ne da ya daɗe yana aiki a Shanghai, ya san lissafin 'yan kasuwa. Cikin 2008 ya tafi Amurka wurin kamfanin HP, wanda a sannan ya fi kowa sayar da kwamfuta a duniya. Abin da ya nema shi ne a kawo Congcing aikin ƙaramar kwamfutar nan mai naɗewa kamar littafi, wadda a ke ɗorawa a cinya. Shi da kansa ya sha ba da labarin alkawarin da ya yi musu. Ya ce cikin shekara 3 za a riƙa yin kashi 80 cikin 100 na sassan kwamfutar a Congcing, in kuwa haka bai samu ba, gwamnatin birni za ta biya kuɗin dakon da ya hau kansu.

Ku lura da abin da ya yi. Ya san inda ƙaya ta soki mai jari, nan ya sa hannu. In masu yin sassa suka zauna kusa da masu haɗawa, dako ɗaya ya faɗi, saura na fita kaɗai. Ya kuma sa wuyan baitulmalinsa cikin alkawarin, don baƙo ya tabbata ba daɗin baki ba ne.

Amma yaya za a sa ɗaruruwan masu yin sassa su taso daga bakin teku? Ba mai tasowa don kwamfuta dubu goma. Ai kun san yadda a ke kafa sabuwar kasuwa a ƙasarmu: sai an sami mahauta sun yarda za su riƙa yanka ran kasuwa, sa'an nan mai hatsi da mai gishiri da mai fura su biyo, ba wanda ya aika musu. Haka aka bi a nan, daki daki. Da HP ya yarda zai ba da aikin miliyoyi, sai aka tafi Taiwan wurin kamfanin Foxconn, wanda sana'arsa haɗa wa waɗansu kaya, aka ce ga aiki in za ka zo. Cikin Agusta 2009 aka sa hannu. Kishiyoyinsa irin su Quanta da Inventec suka ga ba za su bar masa shi kaɗai ba, suka biyo. Kishiyoyin HP su ma, Acer da Asus, suka zo. Da masu haɗawa suka kai 6, sai masu yin kwanso da batir da madannai da kwali suka ga ciniki ya isa a yi ƙaura dominsa. Cikin 'yan shekaru suka haura 800.

Akwai kuma maganar kwastan. Dā kayan da za su fita ƙasar waje a bakin teku a ke duba su, mai kaya na tudu sai ya yi ta jiran takarda daga nesa. Cikin Nuwamba 2008 Bejin ta yarda a kafa wa Congcing tashar kwastan tasa a bakin kogi, irinta ta farko a tudun Sin, cikin Fabrairu 2010 kuma aka ƙara wata a unguwar masana'antun kwamfuta. Abin da ya shiga shingen nan, a wurin hukuma kamar bai shigo ƙasa ba, ba a biya masa kuɗin fito sai in cikin gida za a sayar. Irin dabarar nan ce aka nufa da tashar tudu da aka buɗe a Kaduna cikin 2018, da ta Dala a Kano cikin 2023.

Ma'aikata su ma aka duba su, gama mutumin da iyalinsa ke nesa ba ya zama. Daga Agusta 2010 aka fara ba 'yan ƙauye masu aiki a birni takardar zaman birni, kafin ƙarshen 2011 fiye da mutum miliyan 3 sun karɓa. Aka kuma gina gidajen haya masu araha kusa da wuraren aiki.

To, me ya fito? Cikin 2009, shekarar da duniya ke kuka, arzikin Congcing ya ƙaru da kusan 15 cikin 100, na Shanghai da 8. Cikin 2014 an haɗa ƙananan kwamfutoci fiye da miliyan 60 a birnin, watau cikin ko waɗanne 3 da aka yi a duniya, 1 daga can ta fito. A Sicuwan maƙwabciyarsa, cikin 2012 ne karo na farko da 'yan ci-ranin da ke aiki cikin lardin suka fi waɗanda suka fita yawa. A ganinmu wannan ya fi lissafin kwamfuta nauyi, domin ma'anarsa uba ya kwana inda 'ya'yansa su ke, ko ya gan su ran hutu.

Kada dai ku zaci komi na garin ya tafi sumul. A Sin shugaban jam'iyya na gari yana gaba da magajin gari, na Congcing kuwa a shekarun nan Bo Shilai ne. Ya ta da yaƙi da 'yan ta'adda, aka haɗa da attajiran gari da yawa, aka ɗaure su aka ƙwace dukiyarsu ta hanyar da masana shari'a na ƙasar suka yi ta kuka da ita. Cikin 2012 aka tuɓe shi, cikin 2013 aka yanke masa ɗaurin rai da rai saboda cin hanci da cin amanar sarauta. Ɗan gida mai jari da ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa, da wuya ya sake fito da kuɗinsa fili.

JIRGIN ƘASA ZUWA JAMUS

Saura dakon fita. Kwamfutar da za ta Turai sai ta gangara kogi ko ta bi dogo zuwa gabas, ta shiga jirgin ruwa, ta kewaya kudancin Asiya ta bi ta mashigin Suwes, kwana 40 ko fiye. Abin mamaki, Turai kuwa yamma ta ke da Congcing, dogo kuma yana nan shimfiɗe tun dā, ta Kazakistan da Rasha da Belarus da Folan har Jamus. Abin da ya hana binsa shi ne ko wace iyaka sai an tsai da kaya an buɗe an duba, ko wace ƙasa kuma da nata farashi da nata lokaci.

Kun ga wannan aikin zama ne da shawara, ba ya bukatar bulo ko siminti. Cikin 2010 hukumomin kwastan na Sin da Kazakistan da Rasha suka yarda abin da aka duba aka rufe a Congcing ba sai an sake buɗe shi a hanya ba. Ran 19 ga Maris 2011 jirgi ya tashi daga Congcing zuwa Dusbag ta Jamus, tafiyar kilomita 11,179, kusan mil 7,000, ya kai cikin kwana 16.

Hanyar tana da wahalolinta. Dogon Kazakistan da Rasha ya fi na Sin da na Jamus faɗi, saboda haka sau biyu a ke ɗaga akwatunan ƙarfen nan da a ke kira kwantena daga wannan jirgi a ɗora a wancan. Sanyin hunturu na can kuma yana ɓata kwamfuta, sai da aka ƙago kwantena mai riƙe ɗumi. Kuɗinta ya fi na jirgin ruwa nesa ba kusa ba, ko da ya ke bai kai na jirgin sama ba. Ga mai hatsi ko mai siminti hasara ce. Ga mai kaya mara nauyi mai tsada kuwa riba ce, domin jarin da ya kwana 40 cikin jirgi jari ne mai barci, kwamfuta kuma in ta daɗe a hanya sai a tarar wata sabuwa ta fito ta karya mata daraja.

Irin wannan ya taɓa faruwa a nan. Da dogo ya iso Kano cikin 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa cikin 1912, Turawa auduga su ke tsammani, manoma kuwa suka yi nasu lissafi suka shuka gyaɗa. Hanya in ta rage dako, masu kaya da kansu su ke gane abin da ya dace da ita.

Sai dai da sauran biranen Sin suka ga haka, kowa ya ce shi ma sai ya yi nasa jirgin Turai, ko yana da kaya ko ba shi da su, suka shiga biya wa 'yan kasuwa kuɗin dako daga baitulmali. Har cikin 2019 jaridun ƙasar suka tona cewa waɗansu jirage da kwantenoni wofi su ke tafiya don a karɓi tallafi, hukumar jiragen ƙasa kuma ta amsa an yi haka.

HENAN DA BAƘO ƊAYA

Henan lardin tsakiya ne, na manoman alkama, mutanensa sun haura miliyan 90. Ba ya cikin masu rangwamen yamma, saboda haka ya bi tasa hanya. Cikin 2010 Foxconn ya shiga matsala a Shanjan, ma'aikata matasa fiye da 10 suka kashe kansu, aka tilasta masa ƙara albashi, ya shiga neman wuri a tudu. Birnin Jangjo, hedkwatar Henan, ya shimfiɗa masa tabarma irin wadda ba a saba gani ba. Aka ba shi fili, aka taimaka da ginin masana'anta da gidajen ma'aikata, aka yafe haraji na shekaru, aka kafa kwastan a bakin ƙofarsa, aka faɗaɗa filin jirgin sama. Har ma'aikatan gwamnati aka sa suna bi ƙauye ƙauye suna nemo masa leburori.

Abin ya yi aiki. A lokacin da ciniki ya fi zafi ma'aikatan wurin sun kai wajen 350,000, ana haɗa wayar iPhone kusan rabin ta duniya duka, fiye da rabin cinikin Henan da ƙasashen waje kuma ta ƙofar kamfanin nan ɗaya ya ke bi. Amma mai masaukin da baƙonsa ɗaya ne, ran da baƙon ya yi tari shi ma ba ya barci. Cikin Oktoba da Nuwamba 2022, lokacin kullen cutar korona, ma'aikata suka yi ta tsallake shinge suna tafiya gida a ƙasa, waɗansu suka yi arangama da 'yan sanda. Kamfanin Apple, mai wayar, ya ƙara himma wajen mai da wani kashi na aikin ƙasar Indiya. Congcing kam masu haɗawa 6 gare shi, in ɗaya ya tashi saura 5.

BASHI

Yanzu mu koma ga abin da muka ce ku riƙe. Ina larduna suka sami sauran kuɗin nan? Dokar 1994 ta hana gwamnatin lardi ko ta gunduma cin bashi da sunanta. Sai suka yi dabara. Gunduma ta kafa kamfani nata, ta ba shi fili, kamfanin ya kai filin banki jingina ya karɓo rance, ya gina hanya ko unguwar masana'antu. Fatan shi ne in masu jari sun zo, fili ya yi tsada, a sayar a biya. Inda suka zo, an biya ko an rage. Inda ba su zo ba fa?

Masu binciken kuɗi na ƙasar suka ƙidaya, suka tarar a ƙarshen 2010 bashin larduna da gundumomi ya kai yuwan biliyan 10,700. A tsakiyar 2013 ya kai biliyan 17,900. Congcing kansa ya ci bashi mai nauyi, cikin 2018 kuma da cinikin motoci ya ja baya, ƙaruwar arzikinsa ta sauko zuwa 6 cikin 100. Amma shi yana da masana'antu masu biyan haraji da ma'aikata masu karɓan albashi.

Ku gwada shi da gundumar Dushan ta lardin Gwaijo, ƙasar duwatsu mai mutane wajen 350,000. Abin da ta ke tarawa a shekara bai kai yuwan biliyan 1 ba. Shugabanta ya ci bashi ya gina filin wasan attajirai, da unguwar jami'o'i, da wani gini na katako mai tsawon kusan mita 100, wai don baƙi masu yawon buɗe ido. Aka gina tukuna aka zauna jira. Sa'ad da aka tuɓe shi, jaridar hukumar ladabtar da ma'aikata ta ƙasar ta bayyana cikin 2019 cewa ya bar bashi fiye da biliyan 40, yawancinsa kuwa da ruwa mai tsada. Watau ko gundumar ta daina biyan malamin makaranta da ɗan sanda da mai shara, sai ta yi fiye da shekara 40 kafin ta biya uwar kuɗin kaɗai. An ɗaure shi, ginin katakon kuma ya daɗe tsaye ba a gama ba.

Wata ɓarna kuma ita ce tsere. Wannan lardi ya ce na yafe haraji shekara 3, maƙwabcinsa ya ce 5 da fili kyauta, mai jari ya zauna tsakiya yana jin tayi. Masana'antar da ko ba a ba ta komi ba za ta zauna cikin ƙasar, sai ga shi talakawan lardi biyu suna gasar biyanta. A ƙarshen 2014 Bejin ta ba da umurni a soke irin waɗannan alkawura, larduna da kamfanoni suka yi ƙorafi, cikin 2015 aka sassauta.

Da cinikin gidaje ya karye daga 2021, kuɗin sayar da fili ya ragu, dabarar jingina ta tsaya. Lardunan tudu irin su Gwaijo su suka fi jin jiki. A ƙarshen 2022 wani kamfanin gina hanyoyi na birnin Zunyi, cikin Gwaijo, ya kasa biyan yuwan biliyan 15 da 'yan kai, sai bankuna suka tsawaita masa wa'adi zuwa shekara 20. Cikin Nuwamba 2024 gwamnatin Bejin ta yarda larduna su juya yuwan biliyan 10,000 na ɓoyayyen bashin kamfanonin nan ya koma bashi na fili da sunan larduna, mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, aka tsara aikin juyawar ya kai har 2028.